Dutsen Taimamar Habsatu

Duk wanda ya san Tchake ya san ba garin dutse ba ne. Rairayi ne gabas da yamma, sai gero da wake da itatuwan gawo. In kare ya biyo ka, sai dai ka cire takalminka ka jefe shi. A wannan gari aka haifi Ɗahiru, kuma shi ne ya tafi ci-rani har bakin teku ya komo gida da rabin buhun duwatsu a ka.

Lokacin yana da ƙarfinsa, bai daɗe da auren Habsatu ba, 'yarsu Safa tana goye. Damina ta ƙi, rumbu ya tashi wayam, sai ya bi samarin garin suka yi yamma. Kowa ya tsaya inda ya samu abin yi, shi kuwa ƙafarsa ba ta san tsayawa ba. Mota ta miƙa shi ga mota har ya tsinci kansa a Muritaniya, inda hamada ke ƙarewa cikin ruwan gishiri. Can ya samu aikin girki wurin wasu masu binciken duwatsu da ke bin gaɓar teku da motocinsu. Nasa aikin shinkafa da shayi. Nasu kuwa, da farko ya ɗauka taɓin hankali ne: manyan mutane da furfurarsu, su durƙusa cikin rana suna ƙwanƙwasar dutse da 'yar guduma, su shafa, su lasa, su naɗe shi cikin takarda kamar jinjiri.

Wata rana babbansu, wani tsoho mai yawan tari, ya ga Ɗahiru yana jujjuya wani guntu da suka yar. Ya kira direbansu ya yi musu tafinta. Ya nuna masa cikin dutsen, layi a kan layi, zagaye cikin zagaye, kamar an yanka albasa. Ya ce wannan ba dutsen banza ba ne, wasu halittu ne suka gina shi, ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani, masu zama kamar gansakuka a ruwan teku mara zurfi. Laka ta rufe su, su hau samanta, ta sake rufe su, su sake hawa, haka haka har abin ya daskare ya zama dutse tun kafin a yi mutum a doron ƙasa. Ɗahiru ya daɗe yana kallon abin a tafin hannunsa. Shinkafar ranar ta kama, ba wanda ya yi masa faɗa.

Daga nan duk guntun da suka yar, shi ya tsince. Da aikin ya ƙare ya ɗauko buhunsa ya kamo hanyar gida, kowane shingen duwan, wato 'yan kwastan, sai an kwance an leƙa an yi masa dariya.

Dariyar Tchake ta fi ta hanya zafi. Ana jiran rediyo da atamfa, mutum ya zazzage duwatsu a tsakar gida. Tun ranar sunansa ya koma Ɗahiru Na Teku, kuma ba don girmamawa ba. Habsatu kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta dubi tulin, ta dubi ƙafafunsa da suka kumbura, ta ɗora masa ruwan zafi. Amma da ya ba ta labarin halittun nan masu gina dutse, sai ta riƙe baki.

"Baban Safa," ta ce, "kowa ya tahi ya dawo da tashi ƙarya, amma taka ta hi ta kowa daɗi."

Ya rantse, ta ce ya bar rantsuwa a kan abin da bai kai ba. Haka suka zauna shekara da shekaru. A majalisa in an gaji da zancen taki da farashin wake sai a ce, "Na Teku, ba mu na ƙwarin nan magina." Ya san tsokana ce, amma ba ya iya ƙi. Zai bayar tun daga farko, da hannu da ido, a yi ta shewa. Na majalisa ba su cika damunsa ba. Na cikin gida ne ke ci masa rai, don ba abin da yake so a duniya kamar Habsatu ta ce masa sau ɗaya, na yarda.

Duwatsun kuwa sai suka samo wa kansu aiki. Wata damina mahaifin limamin garin, Liman Ƙadri, ya kwanta, ba ya iya taɓa ruwa, ƙasar tsakar gida kuma ta jiƙe, ga kaji, ga awaki. Ɗahiru ya ɗauki dutse ɗaya ya goge fuskarsa da rairayi har ta yi sumul, ya wanke ya kai masa don taimama. Tsohon ya sa albarka. Daga nan abin ya zama al'ada: duk gidan da aka yi mara lafiya, a aiko wurin Na Teku. Ba ya sayarwa, aro yake bayarwa. In mutum ya warke ko ya cika, dutse ya dawo, ya wanke shi ya ajiye cikin wata tsohuwar tukunya. Har masallacin Juma'a an ajiye guda a taga saboda tsofaffi. Mutumin da ba shi da sa, ba shi da amalanke sai na aro, ya zamana ba a rashin lafiya a garin ba a tuna da shi ba. Ana yi masa dariya da safe, a aiko gidansa da yamma, kuma duk ya iya zama da su.

Sai ciwo ya shigo gidansa. Habsatu ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, daga baya ƙirji ya biyo. Majo, babban ma'aikacin asibitin garin, ya ce ta nisanci ruwa in ba dole ba, domin sanyi kaɗan ke tada mata tari. Ɗahiru ya buɗe tukunya ya zaɓo wanda ya fi so duka, mai faɗin tafi biyu, zanensa a fili. Ya ajiye mata shi a gefen katifa kan wani faifai. Kowace salla shi ke ɗaga mata hannun hagu ya ɗora, ita ta ɗora na dama. Shekaru suka yi ta wucewa a haka, Safa ta yi aure a Maijirgi ta haihu, gefen dutsen da hannun dama ke sauka ya yi sheƙi. Habsatu ba ta iya zuwa rijiya, ba ta iya daka, ba ta iya zuwa barka ko gaisuwar mutuwa. Salla ce kaɗai aikin da ya rage mata, kuma ba ta taɓa bari lokacinta ya wuce ba.

A daminar da abin ya faru, wani malamin lakwal, wato makarantar boko, daga kwalejin Mayahi, Malam Laminu, mai koyar da ilimin halittu da ƙasa, ya zo garin wurin bikin suna. Ya shiga masallaci ya ga dutsen nan a taga. Bayan an sallame ya fito da shi a hannu yana tambayar inda aka samo. Aka nuna masa Na Teku ana ƙunshe dariya, aka ce ya shirya kunnensa. Ɗahiru ya ba da labarinsa kamar kullum. Malam Laminu bai yi dariya ba. Ya ciro salularsa ya lalubo hoto ya nuna wa jama'a, ga dutse iri ɗaya sak, da sunansa na Faransanci mai tsawo.

"Abin da bawan Allah wanga ya hwaɗi, haka shike," ya ce. "Mu ma haka munka karanta. Halittu ne sunka gina shi."

Ɗahiru ya ji kamar an sauke masa buhun nan da ya ɗauko tun daga teku. Da ya tsaya ya dubi fuskokin mutane, da ya ga ba kunya ce kaɗai a cikinsu ba. Bai tsaya ba. Dattijo da gemunsa ya kama sassarfa har gida, ya faɗa ɗaki ko sallama bai gama ba.

"Habsu, kin jiya? Malamin lakwal ya tabbatar. Gaban kowa. Da hoto. Gaskiya nika hwaɗi tun hwarko."

Ta juyo da kai a hankali. Ta ga idonsa, ta san ba wasa ba ne.

"Halittu ne da gaske?"

"Da gaske."

"Masu rai?"

"Da can. Sun mutu tun tuni, tun ba a..."

"Sun mutu," ta ce. Ta dubi dutsen kan faifai. "To, Baban Safa, kan mushe nika taimama kenan duk shekarun ga?"

Tunanin bai taɓa zo masa ba ko sau ɗaya. Ta sa hannun dama ta ture faifan har ya bugi bango.

Kafin la'asar zancen ya gama gari. Washegari duwatsu suka fara dawowa, ba a hannu ba kamar da. Ana zuwa a ajiye a ƙofar gida, wasu ma da kara suke turowa. Wanda ubansa ya cika yana taimama da dutsen Na Teku ya daina amsa masa gaisuwa. Ɗahiru ya tafi wurin Liman Ƙadri. Liman mutumin kirki ne, amma matsoraci a kan fatawa. Ya ce bai taɓa cin karo da irin wannan a littafi ba. Abin da ke da shakka a bar shi. Sallolin da suka wuce kuwa, Allah mai gafara ne, amma wanda ke da iko ya rama, ya fi kwanciyar rai. Ya faɗi haka ne don ya fita daga bakin mutane. Bai san matan da suka je duba Habsatu za su kai mata maganar da ɗuminta ba.

Ta fara ramuwa. Sallolin shekaru, mace mai rabin jiki. Kuma ta ce ba ta ƙara taimama, ko da ƙasa.

"In dutsi na iya zama mushe ban sani ba, ƙasa hwa? Wa ya san mi ke cikinta? Kawo mani ruwa."

Ya dafa ruwan, kafin ya gama wanke mata gaɓɓai ya huce, ga iskar damina. Tana idar da wata ta ɗaura wata, a kwance, da ishara, leɓɓanta na rawa. In alwala ta karye ta ce a sake. In ya ƙi kawo ruwa sai ta ja jiki da hannu ɗaya ta nufi randa, dole ya kawo. Fura ta daina shiga, don ta ce lokacin sha ma salla guda ce. Tari ya dawo, zazzaɓi ya biyo shi. Majo ya zo ya yi allura, ya ja Ɗahiru waje ya ce masa in ba a raba ta da ruwan nan ba, maganinsa ba zai yi komai ba. Gonar Ɗahiru ciyawa ta shanye gero, ko leƙawa bai yi ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ko cikin hamada.

Da ya rasa dabara sai ya durƙusa gabanta ya ba da abin da ya fi ƙarfin komai a wurinsa.

"Habsu, ƙarya nika yi. Ba wasu halittu. Ni na shirya labarin tun kan hanya don kar a ce na dawo hannu wohi. Malamin lakwal ma tausayina ya ji."

Ta dube shi, idanunta sun faɗa.

"Tun Safa na goye kake ba ni gaskiya ina ƙi," ta ce. "Yau kuma ka kawo ƙarya kana son in amsa? Ba ka iya ta ba. Ɗebo ruwan."

Ya fito tsakar gida. Ga tulin duwatsu a ƙofa, ga na tukunya, ga nata can jikin bango. Haushin kansa da nasu ya rufe masa ido. Ya ari amalanken jaki ya loda su duka, har da nata, ya kai tsohuwar rijiyar bayan gari da aka daina sha, ya juye. Ya ji ƙararsu a can ƙasa cikin ruwa. Ya zauna a bakin rijiyar ya yi kuka, kuma bai ji sauƙin komai ba.

Ya aika Safa ta zo ta zauna da uwarta, shi kuma ya kama hanyar Mayahi. Malam Laminu da ya ji abin da maganarsa ta haifar ya dafe kai ya yi ta salati. Ya ce shi iliminsa ya tsaya ga yadda dutsen ya samu, hukuncinsa ba nasa ba ne. Suka bi malaman Mayahi. Wani ya ce haram tun ba su gama bayani ba, wani ya ce su dawo bayan ya yi bincike, wani ya yi tafiya. Aka ce musu akwai wani tsoho a Tasawa, Malam Alhassan, wanda ya karantar da rabin limaman yankin, har da Liman Ƙadri. Malam Laminu ya zuba mai a moto, wato babur ɗinsa, ya goya shi. Ruwa ya tare su a hanya, suka tura moto cikin taɓo, Ɗahiru yana turawa yana lissafin alwala nawa aka yi a gida tun fitowarsa.

Suka samu Malam Alhassan a zaure kan buzu, ido ya tafi, kunne na nan. Ɗahiru ya zube ya faɗi komai, ya rantse da Allah matarsa mutuwa take yi. Tsohon ya sa Malam Laminu ya maimaita masa yadda dutsen ya samu, ya yi tambaya, ya sake yi. Sannan ya ce a kawo salular Malam Laminu kusa da bakinsa a ɗauki muryarsa, don mara lafiya ba ta amsar saƙo, sai ta ji da kunnenta.

"Habsatu, ɗiyata, Alhassan ne daga Tasawa. Ki saurara. Abin da ya zama dutsi, dutsi ne, da abin da shike yanzu aka yi mai hukunci. Kuma abin cikin teku ko ya mutu ba najasa ba ne. Ƙasar da kike tsoro, tun Annabi Adamu ake bizne mutane da dabbobi cikinta, kuma Wanda ya yi ta ya hi mu sanin haka, ya ce mu yi taimama da ita. Sallarki ta yi, ba a bin ki ko raka'a guda. Ruwan ga da kike sa ma jikinki, shi ne ba ki da izni. Ki ɗauki dutsinki."

Ɗahiru ya ji kalmar ƙarshe ta soke shi, don ya san inda dutsen yake.

Sun iso Tchake rana ta karkata. Safa ta tare shi a ƙofa, fuskarta kaɗai ta gaya masa yadda ake ciki. Habsatu tana kwance, numfashi na fita da ƙyar, buta a gefenta. Ya kara mata salular a kunne. Ta saurara har ƙarshe, ta yi alama a sake. Aka sake. Hawaye ya gangaro mata ta gefen da ke da rai.

"Ba a bi na," ta ce.

"Ba a bin ki."

"La'asar ta yi?"

"Ta yi."

"Miƙo mani dutsina."

Ya miƙe ya fita kamar wanda zai ɗauko. A tsakar gida ya tsaya, tukunya wayam. Ya fita titi yana bin gida gida, dattijo yana roƙon dutse a garin da ba dutse, kowa ya ce ai ya maido. Na masallaci ma an maido masa, shi da hannunsa ya loda. Sai a ƙarshen gari wata tsohuwa, Zainab, mai ciwon ƙafa, ta ɗaga tabarmarta ta ciro ɗan ƙarami. Ta ce ita ba ta maida ba, don ba ta ga abin da dutse ya yi mata ba, kuma ba wanda ya tambaye ta.

Ya kawo ya ɗora kan faifai, ya ɗaga hannun hagu ya aza. Habsatu ta aza na dama. Yatsunta suka bi gefen suna neman wurin nan mai sheƙi, ba su samu ba.

"Wanga ba nawa ba ne."

"Ba naki ba ne."

"Ina nawa?"

Ya so ya ce wani abu dabam, ya tuna ta ce bai iya ba. "Shina cikin tsohuwar rijiya. Ni na jehwa shi."

Ta rufe ido har ya ɗauka ta tafi. Sai gefen bakinta ya motsa, irin motsin da yake yi in za ta tsokane shi.

"To ka maida shi ruwa," ta ce, "inda ya hito."

Ta shafa fuska, ya taya ta shafa hannuwa, ta yi la'asar guda ɗaya ba ta ƙara komai a kai ba. Bayan ta idar ta sha fura kaɗan ta yi barci. Amma ƙirjin ya riga ya tafi. Ba ta ga an yanke gero ba.

Ɗahiru yana nan a Tchake, ya tsufa. Liman Ƙadri ya ji muryar malaminsa ya yi bayani a masallaci, mutane suka dawo da gaisuwa, wasu har da ba da haƙuri. Dutse guda ya rage a garin, na Zainab, shi ke yawo gidan marasa lafiya, in biyu suka kwanta lokaci ɗaya sai a riƙa kai shi ana dawowa. Baƙi kan zo majalisa su ce sun ji akwai wanda ya je teku ya ga dutsen da halittu suka gina, yanzu kowa ya yarda, ana so a ji daga bakinsa. Sai ya ce ya manta, ya tashi ya tafi gida.